Matsayin Harshen Uwa Wajen Koyon Baƙuwar Kalma: Misali Daga Koriya ta Kudu

An daɗe ana kai-kawo tsakanin masana harkar koyarwa a kan matsayin harshen uwa a ajin da ake koyar da baƙon harshe. Wasu na ganin cewa da zarar malami ya fassara kalma zuwa harshen ɗalibi, to ya gurgunta shi, domin ɗalibin ba zai taɓa sabawa da yin tunani cikin sabon harshen ba. Wasu kuma, musamman malaman da jarrabawa ta sa a gaba, sun mayar da darasin kalmomi tamkar haddar jadawalin lissafi: kalmar Ingilishi a hagu, ma'anarta a dama, a haddace a wuce. Wannan muhawara takan fi sauƙin fahimta idan aka ɗauki kalma guda aka bi ta daki-daki a bakin al'umma guda. Kalmar da aka zaɓa a nan ita ce aikatau na Ingilishi "regenerate", tare da sunan da aka samar daga gare shi, wato "regeneration". Kalma ce da ke nuni ga sake tohowa, ko sake rayuwar abin da ya lalace ko ya gutsure. Al'ummar kuwa ita ce ta Koriya ta Kudu, inda koyon Ingilishi ya zama babban al'amari a rayuwar yara da iyayensu.

Tun daga shekarar 1997 ake fara koyar da Ingilishi a makarantun gwamnatin ƙasar daga aji 3 na firamare. Ƙarshen tafiyar kuwa ita ce jarrabawar shiga jami'a da suke kira Suneung, wadda aka fara a 1993, ake kuma zana ta rana guda cikin watan Nuwamba. Takardar Ingilishi tana da tambayoyi 45, daga ciki 17 na sauraro ne. Saboda girman da aka ba wannan sashe na sauraro, har dakatar da tashi da saukar jiragen sama ake yi na kimanin rabin sa'a, don kada ƙara ta hana wani yaro ji. Daga jarrabawar 2017 aka sauya tsarin ba da sakamako, ta yadda duk wanda ya sami maki 90 cikin 100 ya shiga mataki na ɗaya, ba tare da an auna shi da sauran ba. Duk da wannan sassauci, ɗalibai da yawa suna tashi daga makaranta su zarce makarantun ƙarin darasi masu zaman kansu da ake kira hagwon, inda gwajin haddar kalmomi ya zama ruwan dare. A irin wannan yanayi ne ɗalibin sakandare yake cin karo da "regenerate", galibi a tsakiyar wani dogon jeri, ko cikin wani nassi na kimiyyar halittu.

Cikas na farko na furuci ne, kuma ba shi ne mafi girma ba. Rubutun Koriyanci, wato Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443 aka kuma bayyana shi ga jama'a a 1446, yana da harafi guda da ke wakiltar sautin da yakan fito kamar "r" a tsakanin wasula, ya kuma fito kamar "l" a ƙarshen gaɓa. Haka nan tsarin gaɓar harshen ba ya barin sautin "t" na ƙarshen wannan kalma ya fita da iska, don haka sai a ƙara masa wasali. Kalmar da ke da gaɓa huɗu a bakin Bature sai ta koma gaɓa shida idan aka rubuta ta da Hangul. Bugu da ƙari, Ingilishi yana ƙarfafa gaɓa ta biyu a aikatau ɗin, sannan ƙarfin ya koma gaɓa ta huɗu a sunan, alhali Koriyancin Seoul ba ya bambanta kalmomi ta wannan hanya. Duk wannan abu ne da maimaici da sauraro suke gyarawa, kamar yadda ɗalibi Bahaushe yake fama da "p" da "f" har harshensa ya faɗa.

Inda al'amarin ya fi armashi shi ne ɓangaren ma'ana. Idan ɗalibi ya buɗe ƙamus na Ingilishi zuwa Koriyanci, abin da zai fara gani a gaban "regeneration" shi ne "jaesaeng", wadda furucinta ya yi kusa da "jeseng". Wannan kalma tana cikin ɗimbin kalmomin da Koriyanci ya gina da tubalan Sinanci, waɗanda suka haura rabin abin da ke cikin manyan ƙamusoshin harshen. Gaɓa biyu gare ta, kuma kowace tana ɗauke da ma'anarta. "Jae" na nufin sake ko kuma. "Saeng" na nufin haihuwa ko rayuwa. Ita kuwa kalmar Ingilishin daga Latinanci ta fito: ɗafa-goshin "re" mai nufin sake, da aikatau "generare" mai nufin haifa ko samarwa. Wato harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba sun gina kalmar da tubali iri ɗaya, a jere iri ɗaya. Da wuya malami ya sami sa'ar da ta fi wannan.

Hasali ma, yaron Koriya ya san waɗannan tubala biyu tun kafin ya san sunansu. Yana jin "saeng" a cikin "saengil", ranar haihuwa, da "haksaeng", ɗalibi, da "seonsaeng", malami, wadda asalin ma'anarta wanda aka riga haifa ne. Yana jin "jae" a cikin "jaehon", sake aure, da "jaesiheom", sake jarrabawa. Akwai ma wata kalma da duk ɗan ajin ƙarshe na sakandare yake jin faɗuwar gaba idan an ambace ta, wato "jaesusaeng", ɗalibin da bai gamsu da sakamakonsa ba ya zauna shekara guda don ya sake zana Suneung. Tubalan nan biyu duk suna cikinta. Malamin da ya rubuta "re" a ƙarƙashin "jae", ya rubuta "gener" a ƙarƙashin "saeng", ya gama rabin aikinsa cikin minti biyu. Kuma ba kalma ɗaya ya bayar ba, domin da wannan saiwa ɗalibi zai gane "generate" da "generation" da "degenerate" duk ranar da ya haɗu da su. Wannan ne dalilin da ya sa littattafan koyon kalmomi ta hanyar saiwa da ɗafi suke da kasuwa a ƙasar.

A nan ne hujjar masu cewa a kori harshen uwa daga aji take raunana. Ma'aikatar ilimin Koriya ta Kudu ta fara ƙarfafa koyar da Ingilishi da Ingilishi tun 2001. A farkon 2008 kuma kwamitin karɓar mulki na zaɓaɓɓen shugaba Lee Myung-bak ya kawo shawarar a riƙa koyar da wasu darussan ma da Ingilishi, shawarar da aka janye bayan ta sha suka. Manufar ba ta rasa alheri, domin yaron da ba ya jin harshe a kunnensa ba zai iya magana da shi ba. Sai dai a ɗauka malami ya tsaya gaban yara 25 yana bayanin "regenerate" da Ingilishi zalla. Dole ya yi amfani da wasu kalmomin da rabin ajin bai gama saninsu ba, ya haɗa da nuni da hannu, ya ci minti goma. Daga ƙarshe yaro mai kaifin basira zai raɗa wa na kusa da shi "jaesaeng", sai raɗar ta zaga aji, kowa ya rubuta. Fassarar da aka hana malami yi, yara sun yi ta da kansu ba tare da mai duba musu ba. Masanin koyon kalmomi Paul Nation, wanda ya wallafa babban littafinsa a kan wannan fanni a 2001, yana cikin masu ganin cewa gajeriyar fassara da harshen uwa hanya ce mai inganci ta fara ƙulla kalma da ma'anarta. Amma kuma shi ne ya kasa sanin kalma gida uku: sanin sigarta, da sanin ma'anarta, da sanin yadda ake amfani da ita. Masu hadda a gida na biyu suke yada zango, a can ma daga bakin ƙofa.

Matsalar ita ce "jaesaeng" ta fi takwararta ta Ingilishi faɗin gona nesa ba kusa ba. Maɓallin da ake dannawa a kunna waƙa ko bidiyo a waya, "jaesaeng" ne sunansa, alhali Bature "play" yake cewa. Takardar da aka sake sarrafawa daga tsofaffin takardu ita ma da wannan kalma ake siffanta ta, inda Ingilishi ke cewa "recycled". Makamashin hasken rana da na iska "jaesaeng eneoji" ne, a Ingilishi kuwa "renewable". Sai an zo kan warkewar fata, da fannin likitancin da ke neman sake rayar da sassan jiki, da rayar da tsofaffin unguwanni, sannan kalmomin biyu suke haɗuwa. Ke nan ɗalibin da ya haddace cewa wannan daidai take da waccan, ranar da aka ce ya rubuta jimla zai iya cewa ya yi "regenerate" ɗin waƙar da yake so har sau uku. A wurinsa bai yi kuskure ba, abin da littafi ya ba shi ya mayar. Abin takaicin shi ne, irin wannan kuskure na ɗalibi mai ƙwazo ne, wanda ya yi haddar da aka sa shi, ya kuma yi ƙarfin halin amfani da ita. Malalaci ba ya kai wa nan.

Idan aka juyo ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. Ba kullum "regeneration" take zama "jaesaeng" ba. A ilimin gandun daji, idan ana maganar daji ya sake tashi da kansa daga iri ko kututture, masana a Koriya "gaengsin" suke cewa. Ita kuwa "gaengsin" a bakin mutumin gari kalmar sabunta lasisin tuƙi ce ko yarjejeniyar haya, wadda Ingilishi ke kira "renew". Ga kuma "bogwon", mayar da abu yadda yake a da, da "hoebok", samun sauƙi ko komawa hayyaci, da "buhwal", tashi bayan mutuwa. Kowane harshe ya yanka wannan fili gona-gona, amma iyakokin ba su faɗa wuri guda ba. Ƙamus mai harshe biyu yakan jero ma'anoni uku ko huɗu a gaban kalma, ɗan littafin hadda kuma ya tsinci ta farko ya watsar da sauran.

Abin da ya kamata malami ya fito da shi, bayan ya shiga ta ƙofar fassara, shi ne ƙwayar ma'anar: a "regenerate" abin da ya lalace shi ne yake sake fitar da kansa daga cikinsa. Tsaka takan yar da wutsiyarta idan an kama ta, bayan makonni wata ta fito. Hantar mutum tana iya sake girma ko da likita ya yanke fiye da rabinta, wanda shi ya sa mai rai yake iya ba wani sashen hantarsa. Ta fuskar nahawu ma kalmar tana nuna haka, domin aikatau ne da yake iya tsayawa ba tare da karɓau ba: hanta ce aikau, kuma ita aikin ya faɗa wa.

Malamin Koriya ba ya bukatar ya tafi nesa neman misali, domin tarihin ƙasarsa ya ajiye masa guda uku da suka bambanta sarai. Na farko duwatsun ƙasar ne. Bayan mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, da yaƙin Koriya daga 1950 zuwa 1953, da saran itacen girki da na ɗumama ɗaki, tsaunuka da yawa sun zama tsirara, ruwan sama yana kwashe ƙasarsu. An kafa hukumar gandun daji a 1967, sannan a 1973 aka ƙaddamar da shirin dashe na shekara goma, wanda aka cim ma burinsa cikin shekara shida, aka dasa fiye da hekta miliyan 1. An fito da ƙauyawa da ɗalibai da sojoji, kuma komawar gidaje ga gawayin kwal ya rage saran daji. A yau daji ya rufe fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙasar, kuma a 2025 hukumar UNESCO ta shigar da takardun wannan aiki cikin kundinta na adana tarihin duniya. To amma wannan aikin hannu ne, an reni dashe an kai an binne. Kalmarsa ta Ingilishi "reforestation" ce.

Na biyu rafin Cheonggyecheon ne da ke tsakiyar Seoul. An rufe shi da kankare, aka ɗora masa babbar hanyar sama, har mutane suka manta da ruwa a wurin. Tsakanin 2003 da 2005 aka rushe hanyar aka buɗe kimanin kilomita 6 na rafin. Su kansu 'yan Koriya "bogwon" suka kira aikin, Ingilishi kuma "restoration". Sunan ya dace, domin yawancin ruwan da ke gudana a ciki da famfo ake turo shi, akasari daga kogin Han. Ranar da aka kashe injin, rafin zai ja baya.

Na uku shi ne zirin da ya raba Koriya ta Kudu da ta Arewa tun yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1953, mai tsawon kimanin kilomita 250 da faɗin kilomita 4. Wuri ne da aka yi kazamin faɗa, aka bar ƙauyuka da gonakin shinkafa, aka binne nakiyoyi. Babu wanda ya yi shirin dashe a can. Shekara 70 da 'yan kai da mutum ya janye ƙafarsa, tsofaffin gonaki sun koma fadama da kurmi, namun daji sun dawo, wasu manyan tsuntsaye dangin gauraka da ba a cika samu ba suna sauka yankin da hunturu. Wannan ne "regeneration" tsantsa. Ɗalibin da aka ɗora wa waɗannan wurare uku a allo, aka ce ya raba musu kalmomi uku ya kuma kare zaɓinsa, ya sami abin da jerin hadda ba zai ba shi ba. Musun da za a yi a ajin shi ne darasin.

Gaskiya ne kalmar ta faɗaɗa, har ana amfani da ita ga aikin da hukuma ta yi wa gari. Koriya ta Kudu ta kafa doka ta musamman a kan "dosi jaesaeng", wato rayar da birane, a 2013. Ko a nan ƙwayar ma'anar ba ta ɓace ba. A bakin masu tsara birane na ƙasar, ana gwama wannan kalma da "jaegaebal", wato a rushe unguwa gaba ɗaya a gina dogayen benaye. Ita ta farkon tana nufin a bar mazauna da lungunansu da kasuwarsu, a taimaka wa wurin ya tashi daga abin da yake da shi. Ko hukumomi suna cika wannan alkawari ko ba sa cikawa, wannan wata magana ce, kuma 'yan ƙasar suna ta yin ta.

Mai ja zai ce duk wannan ɓata lokaci ne. Ɗalibin da ke fuskantar Suneung yana bukatar dubban kalmomi, kuma jarrabawar zaɓi ce, babu inda za a ce ya rubuta jimla ko ya yi magana. Idan an kashe rabin darasi a kan kalma guda, yaushe za a gama? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma malamin da iyaye suke auna shi da makin 'ya'yansu ba zai yi wasa da shi ba. Amsar ita ce ba kowace kalma ce take bukatar wannan hidima ba. Sunan abu kamar hanta ko wutsiya, fassara guda ta wadatar. Kalmomin da suke bukatar a zauna a kansu su ne waɗanda suke da 'yan'uwa makusanta, waɗanda kuma fassararsu ta fi su faɗi ko ƙunci. Gane waɗannan tun kafin a shiga aji shi ne aikin malami, kuma ba zai iya ba sai ya san harshen ɗalibansa ciki da bai. Malamin da aka ɗauko daga Amurka ko Kanada ƙarƙashin shirin EPIK, wanda aka fara a 1995, zai ji jimlar kunna waƙa ta yi masa banbaraƙwai, amma idan bai san Koriyanci ba, ba zai san daga ina kuskuren ya taso ba. Abokin aikinsa ɗan ƙasa shi ya san ramin, domin shi ma ta nan ya biyo. Sannan ko ita jarrabawar, tambayoyinta masu wuya su ne na cike gurbi da na zaɓen kalmar da ba ta dace da nassi ba, inda sanin iyakar ma'ana yake raba mai maki 90 da mai 85.

Akwai ma wata ƙofa da malamai suke rainawa. Matasan Koriya masu wasannin kwamfuta sun daɗe da aro wannan kalma suka gutsure ta zuwa "rijen". Suna faɗinta idan dodon da aka kashe a wasa ya sake bayyana a wurinsa, ko ƙarfin ɗan wasa ya sake cika da kansa. Yaron da ake ganin ba ya karatu yana furta kalmar sau da yawa a rana, kuma da ma'anar da ta fi ta littafin hadda kusa da asali, tunda babu wanda ya dasa dodon. Abin da ya rage kawai a nuna masa cewa kalmar wasansa ita ce ke cikin nassin.

Wanda zai koyar a ƙasar Hausa zai tarar da wannan kalma tana jiransa da irin nata tarkon. Hausa tana da "sabunta" da "farfaɗo" da "raya" da "gyara" da "toho", ga kuma "jaddada" da ta shigo daga Larabci, kamar yadda "jaesaeng" ta samo tubalanta daga Sinanci. Ɗalibin da aka ce wa "regenerate" na nufin sabuntawa zai kai ta ofishin lasisi. Wanda aka ce wa farfaɗowa zai ba wanda ya suma. Mafi kusa ita ce toho, kuma misalinta yana nan a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Tun daga 1983, bayan dashen itatuwa ya sha faɗuwa, manoma suka koma kula da tohon da ke fitowa daga kututturan da ke gonakinsu, suna zaɓen rassa masu ƙarfi su bari, su sare sauran. A rubuce-rubucen Ingilishi sunan wannan dabara yana ɗauke da kalmar "regeneration", manoman kuwa suka sa mata suna sassabin zamani. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa tun da can, aikin manomi shi ne ya hana gatari da dabbobi kaiwa gare ta. Ɗan manomin da ya taɓa ganin sabara ko kalgo sun sake tashi bayan sassabe ya riga ya san ma'anar. Abin da zai nema a wurin malami shi ne sigar kalmar, da furucinta, da jimloli uku ko huɗu da za su nuna masa inda ba ta shiga.